Ganyen Awaki

Ranar Talata Lauratu ta rasu, ta bar rabin kabewa a yanke a kan faifai. Da farko aka ce zazzaɓi ne, daga baya aka ce hawan jini, daga nan aka daina cewa komai. Mijinta Malam Dikko ya dawo daga maƙabarta ya tarar da kabewar tana nan, ƙudaje sun riga masu gaisuwa isowa.

Damina ta zo ta wuce. Maƙwabta suka gaji da aiko kwano, gidan ya koma cin abin da namiji ya iya: shinkafa da mai, makaroni da mai, in an gaji a sayo fanke. Shi malamin lakwal ne, wato makarantar boko, irin waɗanda ake kira Mushe da bakin Faransanci. Makarantarsa ta Tumur a rufe take tun da aka kai hari, aka maido shi Diffa yana koyar da yaran da su ma gudu ya kawo su. Ya karanta littattafai da yawa, har da waɗanda suka zayyana abin da ke cikin karoti, wato karas. Babu ko ɗaya da ya faɗi yadda ake buɗe bakin yarinya 'yar shekara huɗu.

Da safen nan shi kaɗai ne namiji a kan bencin awo a asibiti, autarsa Rashida a cinyarsa, mata suna kallonsa ta wutsiyar ido. Ma'aikaciyar ta naɗa wa yarinyar abin awo mai launi-launi a dantse, ya tsaya a kan rawaya. Ta ja fatar idonta ƙasa. Fari fat.

"Mushe, me take ci?"

"Abinci."

"Na ga alama. Jininta ya yi ƙasa. Ga ƙwayoyi, amma ƙwaya ba miya ba ce. Zogala, kabewa, yakuwa, kifi, gwaba in ka samu. In rawayan nan ya koma ja, kwantar da ita za mu yi."

Ya biya ta kasuwa. Ya ratsa tsakanin buhunan jan tattasai yana atishawa, har ya kai layin masu ganye.

"Mushe da kanka?" in ji mai zogala. "Ko amarya aka yi ba a gayyace mu ba?"

"Ni ne amaryar," ya ce. "Ƙara mini gyara."

Yana shiga gida ya ga baƙon takalmi a bakin tabarma. Ya Fanna ce, mahaifiyar Lauratu, ta zo daga Maine inda take zaune wurin ɗanta tun da aka hana su garkarsu, lambun da suke nomawa a bakin kogin Komadugu. Babbar 'yarsa Nadiya ta riga ta kawo mata ruwa. Ya durƙusa nesa, kansa a ƙasa, aka yi gaisuwa mai tsawo. Duk tsawonta tsohuwar ba shi take kallo ba, wuyan Rashida take kallo.

"Malam," ta ce, "babbar na bar maka, ta iya wanki. Ƙaramar zan tafi da ita. Motar Maine bayan la'asar take tashi."

A aji yana iya yin sa'a guda yana magana ba a katse shi ba. A gaban suruka bai da baki. In ya ce a'a, ya yi rashin kunya. In ya ce to, Rashida ta tafi, kuma ya san yadda ake irin wannan tafiya: a ce sai ta murmure, sannan sai ta yi wayo, sannan wata rana a aiko masa goron ɗaurin aurenta. Ita ce mai goshin uwarta. Ita ce ke riƙe masa yatsa in za ta yi barci.

"Ku bari ta ci abincin rana tukuna," ya ce.

"In ta ci," in ji Ya Fanna, "sai mu yi magana."

Ya sa Nadiya ta rufe ƙofar gida, don kada yaran unguwa su ga Mushe a gaban murhu. Ta daka gyaɗa, shi ya gyara bandar kifi, ya cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Hayaƙi ya cika masa ido. Ya zuba kabewa, ya zuba zogala yadda ya sayo ta, ganye-ganye. Tuwon ya yi gudaji. Ya Fanna tana ƙarƙashin bishiyar bedi tana jan carbi.

Ya ajiye kwano a gaban yaran, ya ja da baya ya tsaya, hannu a baya, kamar ranar jarrabawa. Bai taɓa sa hannu a kwano ɗaya da 'ya'yansa ba. A rugarsu ta wajen Ngelbeli inda aka haife shi, namiji ba ya tauna a gaban mata da yara. Duk zamansa da Lauratu a zaure ake kai masa nasa, a rufe, ya maido kwano a rufe.

Nadiya ta fara ci don tausayi. Rashida ta leƙa miyar, ta ga ganye yana iyo, ta rufe baki da hannu biyu.

"Ci mana, auta."

Ta girgiza kai.

"Loma ɗaya. In kin ci, gwaba tana nan."

"Ganye na awaki ne."

"Wa ya faɗa miki wannan shirme?"

"Kai."

Nadiya ta sunkuyar da kai. Carbin Ya Fanna ya tsaya.

Gaskiya yarinyar ta faɗa. Maganarsa ce. Shi da nono da gero aka raine shi, kuma duk ranar da Lauratu ta shigo da damin ganye daga garkar uwarta sai ya ɗaga murya daga zaure: "An kawo wa awaki nasu, mu ina namu?" Wasa ne, aƙalla rabinsa. Bai san akwai ɗaliba a bayan zana tana haddacewa ba. A duk darussan da ya bayar a rayuwarsa, wannan kaɗai ne ya zauna daram.

Rana ta fara karkata. Daga bakin titi ana jin ɗan kamasho yana kiran Maine, Maine.

Malam Dikko ya dubi kwanon, ya dubi inuwar bedi. Cin abinci a gaban yara abin kunya ne. Cin abinci a gaban uwar matarka kuwa, ko mahaukacin rugarsu bai taɓa yi ba. Ya jira ko tsohuwar za ta tashi ta shiga ɗaki, ta rufa masa asiri. Ba ta motsa ba. Ta ma gyara zama.

Ya cire hula, ya naɗe hannun riga, ya zauna a ƙasa. Ya yi bisimilla, ya gutsuri tuwo, ya nemi inda ganyen ya fi yawa ya dangwala. Miyar ba gishiri, ga ɗaci, ga ƙaurin hayaƙi. Ya tauna a hankali, baki a fili, yadda kowa zai gani.

Rashida ta sauke hannu ɗaya.

"Baba ya zama akuya."

"Bunsuru," ya ce. "Ki riƙa gyara magana. Zo mu zama garke."

Ta yi dariya, irin wadda rabonsa da ji tun kafin damina. Ta matso. Ta sa yatsa ta lasa, ta yamutsa fuska. Ya sake ci, ta sake lasa. Daga baya ta karɓi loma daga hannunsa, ta tofar da rabi, ta haɗiye rabi. Ta karɓi wata. Ba ci ba ne na a zo a gani, amma ci ne.

Ya Fanna ta miƙe, ta ɗaura gyale. Ta tsaya a kansu, ta sa yatsa a miyar ta ɗanɗana.

"Wannan ko awakin sai an roƙe su," ta ce. "Zan dawo ranar awo na gaba, bayan wata guda. In ja ne, ba sai mun yi magana ba."

"To, Iya."

Ta kai ƙofa, ta juyo.

"Shanya shi ake yi a inuwa, a daka, a tankaɗe, ya ɓace a cikin gyaɗa. Haka 'yata take maka. Tun kuna ango da amarya kake cin ganyen nan, Malam, ba ka sani ba. In ta zo garka ta ba ni labari, har hawaye muke yi don dariya."

Nadiya ta ɗauki ƙunshin kakarta ta raka ta tasha. Ya zauna da auta da kwano, da wata guda a gabansa, da tukunyar da za a sake ɗorawa gobe.

Ya sani. Tun watan farko ya sani. Zogala ko an tankaɗe ta sau goma ba ta ɓoye ɗacinta ga harshen da aka raina da nono. Ya riƙa cinyewa yana maido kwano a rufe, yana tsokanarta daga zaure, don yana son yadda take danne dariya in ta zo ɗauka. Ya ajiye maganar sai sun tsufa, sai wani yammaci da babu aiki, ya kira ta ya ce: Lauratu, ai na sani. Ƙaro mini.