Tsakanin Rumbu da Rijiya

Ranar da aka ce 'yan bindiga sun shigo gari, Mero tana tankaɗen garin masara a tsakar gida, mijinta Mati kuma yana gindin darbejiya yana gyaran famfon feshi. La'asar ce sakaliya. Ƙauyen nasu yana bayan Ƙarfi, kuma shekarun nan ko salansar babur ce ta yi tari sai gaban mutane ya faɗi. Ana haka aka ji rugugin babura daga yamma, wata mata ta kurma ihu wai ga su nan, nan take gari ya ruɗe.

Mero ta ɗaga kai don ta ce wa Mati ya ɗauki yarinya. Diddigensa kawai ta gani yana ɓacewa ta saman katanga. Mutumin da kullum ke kukan ciwon baya in an ce ya ɗaga buhu, yau ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, har ya bar takalminsa ɗaya a cikin gida.

Ta suri Amatullah, 'yarsu mai shekara uku, ta cilla ta a baya ta fita. Mero mace ce mai jiki. Tun da ta haihu take zaune gaban kaskon awara, ƙiba tana ta taruwa, mutane kuma suna yaba wa Mati cewa ya iya kiwo. Ran nan ta ga amfanin kiwon. Mata da yara suka yi ta wuce ta ta dama da hagu, kowa ya nufi gonakin dawa. Ita kuwa tana isa famfon burtsatse na bakin unguwa ƙirjinta ya kulle, gwiwoyinta suka ce iyakarmu ke nan. Ta zube a cikin caɓin famfon, ta jawo yarinyar ƙarƙashinta, ta lulluɓe ta da hijabi, ta kama kalmar shahada tana jiran abin da zai zo.

Babura suka zo suka tsaya a kanta. Wani saurayi mai sabuwar shadda ya leƙo ya ce, "Hajiya, lafiya dai?"

Ashe 'yan rakiyar ango ne daga Bakori, sun ɓata hanya.

Ba a rasa rai ba, saboda haka gari ya sami abin dariya. Abin nema ya samu, wai matar falke ta haifi jaki. A gidan suna, a wajen niƙa, sai an sami wadda za ta kwatanta yadda Mero ta kife a caɓi. Shi kuwa Mati, da aka gano shi bayan magariba can ƙarshen gonakin dawa, cewa ya yi ai 'yan sa-kai ya tafi kira. Uwarsa Tsohuwa, wadda ranar tana Funtua wajen 'yarta, da ta dawo ta ji labari sai ta ce ai dabara ya yi, maza suke harbi.

"Mata kuma gaishe su suke yi, ko Inna?" in ji Mero.

Daga nan ta ɗauki takalmin nan ta rataye shi a ƙusa jikin rumbu, inda duk mai shiga da fita zai gan shi. Mati ya sayi sabo a kasuwar Malumfashi, ya riƙa wuce rumbun kamar bai san da shi ba.

Ba dariyar mata ce ta fi cin ran Mero ba. In ta kwanta, bugun zuciyar Amatullah take ji a ƙarƙashin ƙirjinta, da tazarar da ke tsakanin famfo da gonar farko, wadda ko akuya mai ciki za ta ci ta a guje. Da baburan nan na gaske ne, da ita ce ta miƙa 'yarta da hannunta. Haushin Mati take ji, tana jin haushin gari, amma haushin jikinta ya fi duka.

Ƙanwarta Raudatu, wadda ke aiki a wani ƙaramin asibiti a Malumfashi, ita kaɗai ta faɗa wa abin da ta ƙudura. Raudatu ba ta yi dariya ba. Ta aiko mata da takalman kambas na gwanjo a cikin leda, ta kira ta a waya.

"Yaya, kada ki ce gudu za ki fara, za ki kashe kanki. Sassarfa za ki yi. In numfashi ya gaza ki taka a hankali, in ya dawo ki sake. Kuma in kin ji jiri ki zauna."

To a ina matar aure za ta yi sassarfa? Gidan nasu dogo ne, rumbu a wannan kusurwa, rijiya a waccan. Da Mati ya fita sallar asuba, Mero ta yi tata, ta ɗaure ƙirjinta tamau da tsohon ɗankwali, ta tattare zani, ta sa kambas. Ta dafa rumbu daidai ƙasan takalmin nan, ta tashi.

Abin ba kyan gani, gara a faɗi gaskiya. Ƙasa tana amsawa, kaji suka watse suna kururuwa, tunkiya ta daina tuƙa ta zuba mata ido. Ko'ina a jikinta rawarsa yake yi daban. Ba ta je ta dawo sau nawa ba miyau ya yi ɗaci a bakinta, haƙarƙarinta ya soke kamar an caka mata tsinke. Ta durƙusa bayan rijiya ta yi amai. Tana goge baki tana zagin cinyoyinta ɗaya bayan ɗaya, kamar yaran maƙwabta da suka yi mata ɓarna.

Washegari a zaune ta yi sallah, don ƙafafun sun ƙi lanƙwasuwa. Duk da haka ta fita. In zuciyarta ta ce a bari haka, sai ta ɗaga ido ta dubi takalmin, ta ji wani sabon ƙarfi ya taso mata daga ciki.

Masara ta bushe aka karye, aka shiga yankan waken suya, Mero tana nan tsakanin rumbu da rijiya. Aman ya daina. Tafiyar hutun ta ragu, sassarfar ta ƙaru. Sai ta tuna cewa ranar da abin zai zo ba ita kaɗai za ta gudu ba, don haka ta zuba masara a buhu daidai nauyin Amatullah ta riƙa goyawa. Da bayanta ya saba, ta ajiye buhu ta goya mai nauyin da kanta. Yarinyar ta ɗauka wasa ne, tana ƙyalƙyala dariya tana cewa, "Umma, ƙara."

Dariyar nan ce ta fito da Tsohuwa daga ɗakinta wata safiya. Ta tsaya da buta a hannu tana salati.

"Ke Mero, mi ya koro ki? Gudu cikin gida da farar safiya, ba mai bin ki? Wannan ai kiran masifa ne."

"Masifar ta san hanya, Inna, ba sai na kira ta ba."

Kafin azahar Tsohuwa ta gama zagaya maƙwabta da labarin cewa tun faɗuwar da surukarta ta yi a caɓin famfo iska ta shafe ta. Yara suka fara hawa katanga da sassafe. A teburin mai shayi aka tambayi Mati ko matarsa soja za ta shiga. Ya dawo gida ransa in ya yi dubu ya ɓaci, ya tsaya a ƙofar ɗaki yana borin kunya.

"Kin mai da ni abin dariya a gari. Daga yau na hana. Ban yarda ba, ban lamunta ba."

Mero ta dube shi daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan sabon takalminsa, ta ci gaba da tace waken awararta. Da asuba ta sa kambas.

Shi ya sa Mati ya ɗauko Malam Awaisu, limamin unguwa, dattijo mai sanyin magana wanda ya sauke farali shekarun baya. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya. Tsohuwa ta zauna gefe tana jiran a fara ruƙiyya. Mero ta fito da hijabi ta durƙusa ta gaishe shi, Amatullah tana riƙe da gefen zaninta.

Malam ya yi mata 'yan tambayoyi, ya ga hankalinta ya fi na wasu da ke wurin, sai ya bar zancen iska ya koma nasiha. Ya ce motsa jiki ba laifi ba ne, amma bin miji wajibi ne, kuma mace da natsuwa aka san ta.

"Ki duba ko a Makka," in ji shi. "Tsakanin Safa da Marwa akwai wurin da ake sassarfa. Maza ne ke yi. Mata tafiyarsu suke yi a hankali, shari'a ta ɗauke masu."

Mati ya gyaɗa kai da ƙarfi, Tsohuwa ta ce, "Kin dai ji."

"Na ji, Allah gafarta Malam," in ji Mero. "Ni jahila ce, a ƙara mani haske. Wa ya fara wannan gudun da alhazai ke kwaikwaya?"

Malam ya ce, "Nana Hajara ce."

"Mace ke nan."

"Mace ce."

"Mi ya sa ta gudu?"

"Jaririnta ne ƙishirwa za ta kashe, ba kowa a wurin sai ita."

"Maigidanta yana ina?"

"Annabi Ibrahimu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya tafi ya bar su. Amma da umarnin Ubangiji ya tafi. Ita da kanta ta tambaye shi, Allah ne ya umarce ka? Ya ce i. Ta ce to ba zai tozarta mu ba."

Mero ta miƙe. Ta taka zuwa rumbu, ta ciro takalmin da rana ta ƙone shi har ya lanƙwashe, ta kawo ta ajiye a bakin tabarmar Malam.

"To Malam, ni ba a tsaya na yi tambaya ba. Ka tambayar mani mai wannan takalmin, shi wa ya umarce shi?"

Tsohuwa ta buɗe baki, Malam ya ɗaga mata hannu.

"Ba daɗi nake ji ba," in ji Mero. "Gwiwata kullum a kumbure, gari na ce mani mahaukaciya. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Amma ga hanya mai sauƙi. Baban Amatullah ya ce wallahi a gabanka, in an sake cewa ga su nan, zai tsaya ya ɗauki 'yarsa. Ban ce ya ɗauke ni ba, 'yarsa kawai. In ya rantse, yanzun nan zan cusa kambas ɗin a murhu."

Malam Awaisu ya juya. "Mati, ka ji. Magana ta yi sauƙi."

Mero ta zuba masa ido. Sai a lokacin ta gane cewa duk watannin nan abin da take jira ke nan. So take ya rantse. Ko da a ce tana shakka, so take ta ji kalmar ta fito daga bakinsa, ta sami abin da za ta jingina da shi ta huta.

Mati ya dubi Amatullah, wadda ta sami takalmin tana ƙoƙarin zura ƙafarta a ciki. Ya dubi katanga. Leɓensa ya motsa, ya sake motsawa.

"Malam," ya ce a hankali, "ran nan ban san lokacin da na haura ba. Sai ganina na yi cikin dawa. In na rantse, ban san abin da ƙafata za ta yi ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma Mero ta ji da ma ƙarya ya yi mata. Malam ya naɗe carbinsa, ya yi addu'ar Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya tashi. Bai ce ta ci gaba ba, bai kuma sake cewa ta bari ba. Tsohuwa ta shige ɗaki ta saki labule.

Washegari, gari ya fara haske, Mero ta sa kambas, ta goya Amatullah ta ɗaure da majanyi biyu, ta zura dogon hijabi. Ba ta dubi rumbu ba. Zaure ta nufa. A bakin ƙofa ta ci karo da Mati yana dawowa daga masallaci.

"Ina kuma za ki?"

"Matsa."

Ya matsa.

Ta bi lungun da ta bi ran nan. Masu dawowa daga masallaci suka dare suna kallo, wani ya yi tari, wata mata mai shara ta tsaya da tsintsiya a hannu. Mero ba ta ga kowa ba, famfon kawai take gani yana matsowa. Ƙirjinta ya fara zafi a daidai inda ya saba, gwiwar hagu ta fara ƙorafi. Ta taka caɓin, ruwa ya fantsama har zaninta, ta wuce. Gaba gonar farko ce, an girbe dawar, sai karan da aka tara.

Amatullah ta waiwaya, ta hango ƙofar gidansu da mutum tsaye a bakinta.

"Umma, Baba fa? Ba zai zo ba?"

Mero ta gyara goyon da gwiwar hannu, ta ja numfashi.

"Riƙe ni da kyau," ta ce. "Babanki ya iya nasa."