Rijiya Mai Lamba Bakwai

Shekara ashirin da shida unguwar nan tana shan ruwan rijiyar Gwaggo, Gwaggo ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Mijinta ne ya haƙa ta a tsakar gida kafin ya rasu, gaba goma sha ɗaya, ruwa garai-garai mai sanyi. Ƙofar gidan ba ta rufuwa. Mata su shigo da bokitai, su jefa guga, su tsaya cin naman duk wadda ba ta wurin. Gwaggo na kan 'yar kujerarta tana faɗa, a ɗauraye ƙafa, kada a bar guga a ƙasa. Faɗan nan daɗi yake mata, su ma sun sani.

Sai ga injiniyoyi su biyar, 'yan aikin sa-kai, da huluna masu faɗi da ƙananan kwalabe. Shugabarsu budurwa ce mai kirki, irin kirkin nan da ba ya tsayawa sauraro. Ta ɗebi ruwan kowace rijiya, ta rubuta lamba a jikin kwalba. Bayan kwana huɗu ta tara mutane a ƙofar Mai Shago.

Abin da gwaji ya nuna wani sinadari ne da ke tsattsafowa daga dutsen ƙarƙashin ƙasa, yana cin jikin yara a hankali. Injiniya ta nemi kalmar da kowa zai gane, ta kuwa samu.

"Rijiya mai lamba bakwai akwai guba a ciki," ta ce. "Kada wanda ya ƙara sha."

Kowa ya san ta bakwai ta waye.

"Wa ya zuba?" in ji Mai Shago.

"Ba wanda ya zuba, Baba. Daga ƙasa take."

"Haba 'yata. Guba tana zuba kanta ne?"

Injiniya ta yi dariya, ta ɗauka barkwanci ne, ta wuce maganar bututu da tanki. Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta ga yadda matar Tela ta juyo ta kalle ta.

Kafin mako ya zagayo kowa ya tuna da mamacinsa. Tela ya tuna 'yarsa da ta kumbura ta mutu. Mai wanki ta tuna tagwayenta. Har waɗanda mota ta kaɗe saura ƙiris a jingina wa rijiyar. Kyautar ma ta zama laifi: wane ne zai yi ta ba da ruwa shekara da shekaru ba ya neman komai? Bakunan da suka sha ruwan nan har suka yi gyatsa su ne suke wannan tambaya.

Injiniyoyi suka zo da siminti suka rufe bakin rijiyar, suka shafa jan fenti. Gwaggo ta kama hannun shugabarsu.

"'Yar nan, ki sake gaya musu ba ni ba ce."

"Ai na gaya musu, Mama. Kada ki damu, ki ga famfon da za mu yi muku!"

Famfon kuwa ya yi kyau, kai huɗu, da tanki a sama. Aka naɗa Mai Shago ya riƙe makulli. Ranar da aka buɗe, Gwaggo ta ɗauki bokiti ta shiga layi kamar kowa, ita da ba ta taɓa bin layin ruwa ba. Na gabanta suka matsa gaba, na bayanta suka ja baya.

"Gwaggo, ki yi haƙuri," in ji Mai Shago, murya ƙasa-ƙasa, har da ɗan rusunawa. "Jama'a sun ce kada hannunki ya taɓa."

Ta koma gida da bokiti yana dukan ƙafarta. Ta tarar matar ɗanta, wadda ta binne 'ya'ya biyu a shekara uku, ta janye randa cikin ɗakinta ta sa kwaɗo.

"Inna, ban ce ke ba ce," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Amma ɗaya ta rage min."

Ɗan nata yana zaune yana gyaran rediyo. Ya ci gaba da gyaran rediyo.

Washegari da rana tsaka ƙishi ya kore ta zuwa kududdufin bakin hanya, inda shanu ke sha. Ta durƙusa da ƙyar, ta kore kore-koren da ke saman ruwan da gindin ƙwarya, ta fara cika bokiti. Motar injiniyoyi ta taho, an ɗaure kaya a sama, za su tafi ke nan. Motar ta rage gudu. Shugabarsu ta leƙo ta taga, fuskarta cike da takaici na gaske.

"Haba Mama! Bayan duk wahalar da muka sha? Ga famfo can a ƙofar gidanki!"

Gwaggo ta buɗe baki, amma Injiniya ta riga ta juya ga na kusa da ita.

"Ka gani ko? Tsofaffin nan, ko me ka yi musu ba sa canjawa."

Direba ya ja mota. Gwaggo ta jira ruwan ya ɗan kwanta, ta sha.