Ranar da Aji Ya Gudu wa Haraji

Ku gafarce ni, ban kai a kira ni marubuciya ba. Wannan ne na farko, in bai yi daɗi ba ku rufa min asiri.

Malamin tarihi na wucin gadi ne, kuma kowa a aji ya san zamansa ya rataya ga abin da Sufeto zai gani in ya zo duba darasi. A makon nan yana koyar da yadda talakawa suka bijire wa harajin Turawan Ingila. Ya ce a wasu ƙauyuka, da an ji masu ƙidayar kawuna na tafe, sai kowa ya kwashi 'ya'yansa da awakinsa ya shige daji, a tarar da gari ba ko kaza.

Monita ce ta kawo dabara a lokacin hutun tara.

"Mu nuna wa Sufeto darasin ya shige mu. Ya tarar ba kowa! Ke 'Yar Shiru, ki tsaya ki yi bayani, ki buga tebur, sai mu fito da tafi."

"Ni?"

"To wa? Ke da kike cinye littafi har bangonsa."

'Yar Shiru ta so ta ce a fara gaya wa Malam, amma an riga an tafa.

Da Malam ya fita tarbo baƙo, 'yan aji suka sulale ta taga suka laɓe bayan ajin. Ya dawo yana washe baki, alli a hannu, Sufeto a bayansa. Bencuna fayau, sai 'Yar Shiru ita kaɗai.

"Ina ɗalibanka, Malam?"

Malam ya juyo gare ta. "'Yata, ina 'yan uwanki?"

Ta miƙe. Bayanin na nan daram a kanta, har da shafin da yake. Harshenta ya manne. Hannunta na kan tebur, ya ƙi ɗaguwa. Tana jin wata na danne dariya a ƙarƙashin taga.

Sufeto ya dubi agogo, ya girgiza kai. "Wanda bai iya riƙe aji ba, me zai koyar?" Ya fice, Malam ya bi shi da rantsuwa har bakin mota.

Sai da motar ta tashi 'yan aji suka fito da tafinsu. Malam ya dawo, ya ajiye allin a tebur, ya tsaya yana kallonsu. Tafin ya mutu da kansa.

'Yar Shiru dai ta rungumi littafinta, ta bi jikin bango, ta fita ba wanda ya waiwayo.