Kibiyar Hagu

…to ina ta shige kuma? Ai yanzun nan ya sa ta. Kibiya biyu ya sa a gefen hoton, ɗaya dama ɗaya hagu, don mai kallo ya matsa gaba ko ya koma baya idan wata atamfa ta ja hankalinsa. Ta dama tana nan daram. Ta hagu ce… Harrison yana ɗan juya kai, ga ta nan, fara fat, ba abin da ya same ta. Yana mai da ido tsakiyar sikirin, babu ita.

Ɓuya take yi masa ke nan? Kibiya?

Aikin nan bai kai a yi masa zufa ba. Hajiya Binta mai atamfa a Makera ce take so kayanta su riƙa wucewa da kansu a saman shafinta na intanet, wannan ta tafi wannan ta zo, wai kamar tallar talabijin. Silaida ke nan. Ka ɗora ta a shafin, ka zuba mata hotuna, ka gaya mata tsawon lokacin da kowanne zai tsaya, shi ke nan. Ya yi wa coci, ya yi wa makaranta, ya yi wa masu kek, duk a wannan ɗan shagon nasa na Kakuri da bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Ko ido rufe ma zai iya—

A'a. Ban da wannan maganar.

Saiti ne. Dole saiti ne. Akwai wurin da ake cewa kibiya ta ɓoye sai an kai maus ɗin kwamfuta kanta, wataƙila shi ya danna bai sani ba. Yana buɗewa. Bai danna ba. To faɗin hoton ne ya yi yawa ya ture ta waje? Yana ragewa. Koriya mai ganye tana tafiya, mai ruwan goro tana shigowa, kibiyar hagu tana nan idan ya kalle ta, ba ta nan idan bai kalle ta ba. Kuma gefen hoton ma, can hagu, kamar an shafa masa toka.

Yawwa, dusashewar ce! Shi da kansa ya zaɓi hoto ya dusashe kafin wani ya bayyana, don ya fi kyau. Ita ce take barin duhu a gefe. Sai a cire ta, a sa su riƙa turo juna daga dama zuwa hagu, kamar yadi a kan inji…

"Wa ya rage fitilar nan?"

Muryar Baba ke nan, tun shekarun baya a gida. Ba wanda ya rage, Baba. Ba wanda ya taɓa ta. Mama tana tashi, tana cire kwalbar fitilar, tana goge ta da bakin zane. Kwalbar da ba ta da ko ɗigon baƙi. Tana ƙara lagwani har hayaƙi ya fara tashi, Baba yana cewa yawwa, yanzu dama-dama, kananzir ɗin zamani ne ba shi da kyau. Baba Matthew fa! Mutumin da a masaƙa shi ake tsayarwa a ƙarshen layi, yadi yana gudu a gabansa, ya ɗaga hannu a tsai da inji saboda zare ɗaya ya kauce. Zare ɗaya. Har aka rufe masaƙar ba a taɓa mai do da yadin da ya wuce ta gabansa ba. Shi ne ya koma yana zagin kananzir, yana zagin 'yan NEPA, yana zagin wanda ya ajiye kujera a hanya, alhali kujerar tun kafin a haifi Harrison take a wurin.

Ya cire dusashewar. Tokar tana nan.

Sikirin ɗin ne ya tsufa. Na hannu ya saya, me ake jira? Yana ƙara haske. Yana ƙara wa hotunan ma haske ɗaya bayan ɗaya, shuɗiyar, mai zanen tsuntsaye, leshin nan mai duwatsu… Rana tsaka ce, ƙofa a buɗe, ga ƙarar keke da bas a titi, ga mai rake yana ta kira. Mutum ya zauna da rana tsaka yana jin tsoron kibiya! Idan abokansa suka ji ai sai sun shekara suna yi masa dariya.

Amma tsoro yake ji. Tsoro sosai.

A waya fa? Yana buɗe shafin a wayarsa. Lafiya lau, kibiya biyu, hagu da dama, ba toka ba komai. Ka gani? Kwamfutar ce. Sai dai… waya ƙarama ce. Duk jikinta a tsakiyar ido take zama, ba ta da gefen da za ta ɓata. Yaushe ma ya fara fi son aiki a waya? Yaushe ya fara jan kujera baya idan zai duba babban sikirin?

Mai keken nan na makon jiya, a mahaɗar titi. Ta hagu ya fito. Daga ina? Titi fayau, sai ga ƙarfe a gwiwar hannunsa. "Oga, ba ka gani ne?" Shi kuwa har da masifa, wai 'yan keke ba su da hankali, daga sama suke faɗowa. Kofin shayi da ya ture. Kafaɗarsa da ƙofar banɗaki, sau nawa? Ya ce kafinta ne ya sa ƙofar a karkace.

Kafinta. Kananzir.

Wayar tana motsi. Hajiya ce, ya tura mata shafin ta duba tun ɗazu, ta aiko saƙon murya.

"Harrison ɗana, sannu da aiki, abu ya yi kyau wallahi, har 'yan kiban nan biyu na gani ina ta dannawa. Sai dai hasken ya yi yawa. Mai ruwan goron nan ta koma kamar an wanke ta da bilic, kar masu saye su ce na yaudare su. Ka rage, ka ji?"

Biyu ta gani. Hajiya da take sa tabarau kafin ta karanta lambar waya, biyu ta gani. Kuma haske ya yi yawa.

Har hayaƙi ya fara tashi…

Likitan bai ɗaga murya ba a ranar da suka kai Baba asibiti, da ma ya ɗaga. Hawan jinin ido, in ji shi. Ba ya ciwo, ba ya ja, ba ya ƙaiƙayi, daga gefe yake fara ci a hankali, mutum ba ya sani sai ya ci rabi. Abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage kawai ake tsarewa. Sannan ya dubi Harrison ta saman kan Baba: yana bin jini, ku ma 'ya'yansa ku zo a auna ku. Ya ce to. Waye zai ce wa likita a'a? Amma mutum da ƙafarsa ya je ya nemo wa kansa labari? Idan ba a auna ba ai babu. Haka ne ko? Idan ba a faɗa ba…

Saura saiti ɗaya. Idan hotuna sun kai ƙarshe, su tsaya ko su koma farko? Kullum koma farko yake zaɓa, kowa ma haka yake so, kar abin ya mutu a gaban mai kallo. Leshi mai duwatsu ya wuce, koriya mai ganye ta dawo. Ta dawo kamar ba ta taɓa tafiya ba. Baba, sai shi, sai… Debby. Debby 'yarsa, da kowa a coci yake cewa idon babanta ta ɗauko sak, manya, farare. Bara ta shiga firamare. Jiya ta kawo masa zanen gida, har da hayaƙi a saman kicin, tana cewa Dadi kalli, Dadi kalli. Idan ta gama sakandare zai ga fuskarta? Ranar aurenta fa, wa zai riƙe hannun wa?

Ya Yesu. Ba wannan ba. Ka ɗauki wani abin.

Kuma da me za su ci? Mai gyaran shafi da ba ya ganin gefen shafi. Baba ko ba komai sai da aka rufe masaƙar tukuna idonsa ya fara tafiya, bai ga ranar da za a ce masa Matthew, yadi ya wuce ka ba. Shi fa? Wata Hajiyar za ta ce haske ya yi yawa, wata ta ce rubutu ya karkace, a hankali waya ta daina ƙara. Ba wanda zai gaya masa dalili, mutanen kirki ne.

Yana tsai da silaidar. Hoto ɗaya, mai ruwan goro, ba motsi. Gwaji ɗaya ne ya rage, ya san shi tun ɗazu, tun watanni ma, yana ta kewaye shi kamar rami a hanya. Ba a saiti yake ba. Tafin hannu kawai ake sa wa a idon dama.

Yana ɗaga hannun. Yana saukewa. Ƙishirwa yake ji, bari ya fara shan ruwa… a'a. Yanzu.

Ya rufe.

Tsakiyar atamfar tana nan, zanen ganye uku, kamar ana leƙensu ta bututu. Sauran kuwa… ba baƙi ba ne ma. Da baƙi ne ai da ya ce duhu ne, a kunna fitila. Babu ne kawai. Ba kibiya, ba gefen sikirin, ba kalandar bango, ba ƙofa. Ƙofar shagon da take hagunsa, a buɗe, da rana tsaka, da duk hasken Kakuri a cikinta, babu ita.

Ƙamshin miyar kuka. Daga ina?

Yana juya kai gaba ɗaya, hannun na nan a ido. Jessica ce, matarsa, tsaye a bakin ƙofa da kular abinci a hannu, mayafinta ya jiƙe da zufa, daga Narayi ta taso cikin wannan zafin ranar. Tun yaushe? Ta ga yana ƙara haske? Ta ga hannun yana hawa yana sauka? Ba ta tambayi me ya sami idonsa ba. Me ya sa ba ta tambaya ba? Mace ta tarar da mijinta ya toshe ido ɗaya yana haƙi kamar wanda aka koro, ta yi shiru?

Tana shigowa. Tebur ga shi nan a kusa da ita, ta hagu, fili guda, miƙa hannu kawai za ta yi. Ba ta ajiye a nan ba. Tana bi ta bayan kujerarsa, tana matse jiki tsakaninsa da bango, tana zagayowa dama, ta ture takardu, ta ajiye kular daidai inda zai gan ta.

"Baban Debby, ci tun da zafi."

Dama… A coci, dama take zama. A kan titi, ita ce a hagu, tsakaninsa da motoci. Kofin shayi ya daina kifewa, ya ɗauka shi ne ya ƙara kula. Debby idan ta kawo zane, uwar takan kama kafaɗarta ta juyo da ita, je ki ta can, Dadi ya fi gani da kyau ta wajen taga. Ba taga a can. Ba a taɓa yin taga a can ba.

Mama ma ta dama take kawo wa Baba tuwo.

Hannunsa yana kan idon har yanzu, ya rasa yadda ake saukewa. Tana buɗe kular, tana gyara masa cokali, ba ta kalle shi ba… Tun yaushe, Jessica? Tun yaushe kike goge kwalbar?