Cikin Malam Sha'ibu

Malam Sha'ibu manomi ne a Tsarnawa, kuma shi ke jan salla a ƙaramin masallacin unguwarsu tun rasuwar yayansa. Shekara biyu ke nan cikinsa ya sa shi gaba. Yakan kumbura, ya murɗa, wani sati zawo, wani sati kuma ya yi kwana uku bai zaga ba. Abin da ya fi damunsa shi ne alwala. Da zarar ladan ya ta da iƙama sai cikin ya fara ƙugi, hankalinsa ya bar karatu ya koma ƙasan cibiya. Sau biyu yana yanke salla ya jawo Labbo tela ya ƙarasa wa jama'a. Daga na biyun bai ƙara tsayawa gaba ba.

Ya sha jiƙo iri-iri, ya bar wake, ya bar nono, har ya rame. Matarsa Kyauta ce ta matsa masa ya tafi likita a Ƙonni. Aka gwada jini da bayan gida, aka haska cikin. Lokotoron, wato likitar da ta duba shi, wata mata mai suna Nana, ta ce babu tsutsa, babu miki. Hanjinsa ne mai saurin tashi, fargaba kuma tana ƙara zuga shi.

"Wato ba ni da komi ke nan?" in ji shi.

"Kuna da ciwo, Malam, kuma na gaskiya ne. Sai dai ba mai halakarwa ba ne. Yaushe ya fi tashi?"

Ya ce, "In za ni ba da salla."

Ta sa ya jingina da kujera, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki. Ya ja iska ta hanci yana ƙirga huɗu har cikin ya taso, ya sake ta a hankali yana ƙirga shida. Ta nuna masa yadda zai ɗaure yatsun ƙafa ya saki, ya ɗaga kafaɗu ya saki. Minti goma, safe da yamma. Ta ba shi ƙwayar murɗa, ta ce ya koma cin abinci kaɗan-kaɗan, ya lura da wanda bai karɓe shi ba.

Da ya faɗa wa Kyauta sai ta yi dariya. "Malam, har Ƙonni kunka tahi don a koya muku lumfashi?"

Shi ma bai gamsu ba, amma ya yi. Da safe kan tabarma, da yamma a gindin bagaruwar da ke gefen gonarsa, yana ƙirgawa da gaɓoɓin yatsu. Satin farko bai ga komi ba. A na uku ya lura cewa murɗar kan zo ta lafa kafin ya cika numfashi goma sha biyar, in bai tsorata ya ƙanƙame jikinsa ba.

Wata la'asar Labbo ya tafi Malbaza gaisuwar rasuwa. Mutum tara ne a masallaci, duk suka zuba wa Malam Sha'ibu ido. Ya ce wa ladan ya ɗan dakata. Ya zauna ya yi numfashi biyar, ya miƙe ya kabbara. A raka'a ta uku cikin ya yi ƙugi. Ya sauke kafaɗunsa, ya saki iskar a hankali, ya ci gaba har ya sallame.

Bayan an watse, wani dattijo mai suna Tanimun ya tsaya yana laluben takalmi, ya rage murya.

"Malam, ni ma shekarata huɗu da wanga ciwo. Wane magani anka ba ka?"

"Ka fara zuwa likita a duba ka, Baba. In sun ce irin nawa ne, ka iske ni gona in nuna maka abin da nike yi."

Ciwon bai rabu da shi ba. Ranar da ya ci maiƙo da barkono gidan suna yakan taso, sai ya aika wa Labbo tun da hantsi ya ja azahar. Sauran ranaku shi ke ba da salla. Tanimun kuwa ya tafi Ƙonni ranar Laraba.