Naɗin Bahaguwa

Baba ya daina gane ni tun kafin ya daina gane hanyar banɗaki, kuma abin da ya fi ci min rai ke nan. Ni ce a gida tare da shi, ni ke dafa masa abinci, ni ke tsayawa a kansa har sai ya haɗiye magani, ni ke wanke zanen gadonsa in tsautsayi ya faru. Amma da safe in na shiga da shayi sai ya gyara zama, ya ja bargo ya rufe gwiwoyinsa, ya ce, "Sannu da aiki, malama. An gode." Malama! Ni da ya haifa.

Yaya kuwa, babban wanmu, sai ƙarshen mako yake leƙowa, ya zauna a bakin gado yana latse-latsen waya. Amma da ya yi sallama Baba zai washe baki ya ce, "A'a, Babba ne?" Ranar da na fara jin haka sai da na shige kicin na yi kuka mai isata. Kishi ne, ba zan ɓoye ba. Likita ta ce haka ciwon mantuwa yake, ba zaɓe yake yi da gangan ba. Na ji, na kuma gane, amma ganewar ba ta rage min zafin komai ba. Abu ɗaya nake so: kafin Allah ya karɓi abinsa, ya kira ni ko sau ɗaya da sunan da ya raɗa min. Tsigi yake ce min, saboda ƙanƙantata tun ina yarinya, kuma duk duniya ba mai kirana haka sai shi.

Baba masaƙi ne a da. Da kayan kamfani suka cika kasuwa, masu zuwa sayen saƙi suka ɗauke ƙafa, sai ya naɗe kayan aikinsa ya kama gadi a wata makaranta har tsufa ya zaunar da shi. Lokacin da yake saƙa ni ce ke zama a bayansa ina naɗa masa zare a kwarkwaro, 'yar sandar nan da ake sakawa cikin ƙoshiya a riƙa jefawa tsakanin zaruruwa. Yaya bai taɓa zama ba, ƙwallo ya sa a gaba.

Wata rana da hantsi ina share ɗakinsa sai na ga bargo yana motsi ta wajen ƙafafunsa. Na ɗaga. Manyan yatsunsa ne ke aiki, wannan ya sauka wancan ya hau, hannayensa kuma suna miƙa wa juna abin da babu shi. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina kallo har ya gaji ya bari. A makon ne wata maƙwabciyarmu ta ba ni labarin wani tsohon ɗakin ajiyar auduga a bayan gari da aka mayar wurin ziyara, ana zagayawa da baƙi su ga kaɗi da rini da saƙa, har a bar mutum ya gwada da hannunsa.

Da na faɗa wa Yaya ina so mu kai Baba can sai ya ce, "Wahalar da tsoho kawai za ki yi. Mutumin da bai san ranar yau ba, me zai gane a can?"

Na ce, "Kai da yake gane ka ai dole ka faɗi haka. Ni motarka kawai nake so, ba shawararka ba."

Ya dube ni, ya ga babu wasa a fuskata, ya ce in shirya shi ranar Asabar.

Mun tarar da wasu baƙin a bakin ƙofa, kowa da waya a hannu. Mai zagayawa da mu wata mata ce doguwa mai fara'a, ta haddace bayaninta tsaf, da ji ka san ta maimaita shi har ta gaji. Ta fara kai mu ɗakin kaɗi, inda tsofaffin mata ke zaune a kan tabarma suna murza mazari, auduga tana komawa zare a tsakanin yatsunsu. Aka miƙo min mazari in gwada. Da na karɓa sai ɗaya daga cikinsu ta yi dariya ta ce, "Ashe bahaguwa ce! To ke sai dai ki koya wa kanki, mu ba mu iya ta nan ba." Kowa ya dara. Baba kuwa yana tsaye riƙe da hannun Yaya, yana kallon bango.

A wajen rini abin ya ƙara lalacewa. Warin ruwan rinin ya buge shi, ga mutane sun yi yawa, kowa yana ɗaga waya. Ya fara jan rigarsa yana waige-waige. Ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Malama, don Allah a mayar da ni gida. Za a neme ni."

Kallon da Yaya ya yi min ya fi magana ciwo. Raina ya ɓaci, na ji haushin kaina, na ji haushin maƙwabciyar da ta ba ni labari, har da matar nan mai fara'a da ba ta yi min laifin komai ba. Na ce, "Shi ke nan, mu tafi."

Mun juya ke nan sai ƙarar ta taso daga bayan wata katanga, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ba sauri ba jinkiri. Baba ya tsaya cak. Ya saki hannun Yaya ya nufi wajen, mutumin da sai an lallaɓa shi yake taka tsakar gida. Muka bi shi.

Doguwar rumfa ce, masaƙa suna zaune a jere a ƙarƙashinta, zaren kowa ya miƙe har tsakiyar fili an ɗaure shi da dutse a kan katako. A ƙarshen layin akwai wurin zama guda da aka ware don baƙi. Wani mai babbar riga yana kai, ya jefa ƙoshiya ta faɗi ƙasa, matarsa tana ɗaukarsa a waya suna ta dariya. Da ya tashi, kafin kowa ya ankara, Baba ya cire takalmansa ya jera su a gefe ya zauna.

Mai zagayawar ta matso da sauri ta ce, "Baba, tsaya in nuna maka yadda ake yi."

Babban masaƙin wurin, wani dattijo mai furfura da ke zaune kusa, ya ga yadda Baba ya saƙala igiyoyin takawa a tsakanin yatsun ƙafarsa ba tare da ya duba ba. Ya ɗaga mata hannu ya ce, "Ƙyale shi, 'yata. Namu ne."

Ya jefa, ya buga, ya taka, ya tsaya kamar mai sauraron wani abu. Sannan ya sake, ya kuma sakewa, har ƙarar tasa ta shiga cikin ta sauran ta zauna daidai. Bayansa da ya daɗe a rankwafe ya ɗan miƙe. Yaya ya ɗaga waya, ya sauke, ya share ido da bayan hannu.

Ni kuwa na zagaya na tsaya a gabansa, daidai inda in ya ɗago dole ya gan ni. Na ce a raina, yanzu ne, tunda saƙa ta dawo ni ma zan dawo. Ya ɗago kuwa. Ya dube ni, ya yi min murmushin nan na ladabi da yake yi wa ma'aikatan asibiti, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa. Ya tuna katako da igiya, ni bai tuna ni ba. Na koma bayansa na jingina da ginshiƙin rumfar don kada baƙi su ga fuskata.

Zaren ƙoshiyar ya ƙare. Baba ya miƙo hannu baya ba tare da ya waiwayo ba, tafin a buɗe, yadda yake yi tun da can. Mai zagayawar ta ɗauko naɗaɗɗen kwarkwaro daga wani ɗan kwando ta sa masa. Ya saka ya ci gaba. Da wannan ya ƙare ta ba shi wani, sai kwandon ya zama wayam, don baƙi ba su saba cinye ko guda ba. Ta ce bari ta je ta ɗebo, ta tafi.

Ba ta dawo da wuri ba, zaren kuma ya sake ƙarewa. Hannun Baba ya miƙo baya. Ya jira. Yatsun suka fara motsi, kafaɗunsa suka fara sauka, na san alamar, in aka ƙara jinkiri zai rikice ya fara neman gida. Ba don komai ba sai don kada hakan ta faru, na durƙusa a ƙasa a bayansa, na ɗauki kwarkwaron da ya yar, na jawo wani curin zare da ke gefe, na naɗa da sauri na danƙa masa.

Ya saka shi a ƙoshiya ya jefa. Zaren ya cije, ƙoshiyar ta tsaya a tsakiya. Ya ja dogon tsaki.

"Tsigi!"

Bai ko waiwayo ba, ya ci gaba da faɗa.

"Sau nawa zan gaya miki ki riƙa naɗawa da dama? Kullum sai kin juya min shi. Kunnen ƙashi gare ki, wallahi."

Sai a lokacin na tuna. Mai naɗi da hagu baibai yake naɗawa, in aka saka kwarkwaron yadda aka saba, zaren ba ya warwaruwa sai an cire an juya shi. Faɗan da na sha ke nan duk yarintata, kusan kullum, amma na manta da shi sam. Shi bai manta ba.

Na ce, "Yi haƙuri, Baba."

"Kullum a yi haƙuri." Ya zaro kwarkwaron ya juya shi da yatsa biyu ya mayar. "Naɗo wani, kada ki tsaya kallona."

Mai zagayawar ta dawo da kwando cike. Na girgiza mata kai, ta dubi Yaya, ta ja da baya ta tafi da sauran baƙin wajen shagon sayar da kaya. Na zauna dirshan a ƙasa da kayana masu kyau, na ci gaba da naɗi da hagu, wannan karon da gangan. Duk wanda na miƙa sai ya yi tsaki ya juya shi. Wani lokaci ya ce, "Tsigi, Tsigi, Allah ya shirye ki." Wani lokaci ya tambaye ni ko na ci abinci, ko uwata ta dawo daga kasuwa, uwata da ta daɗe a ƙasa. Na ce na ci, na ce ta kusa dawowa. Hawaye suna zuba a kan zaren ina naɗe su tare.

Yaya ya sunkuyo ya raɗa min, "Zagaya gabansa mana ya gan ki, yanzu zai gane ki."

Na ce, "A'a."

"Ba abin da kike nema ke nan ba?"

"Na ce a'a, Yaya. Bar ni a nan."

Tsoro nake ji. Wadda ya sani 'yar yarinya ce mai zama a bayansa, ba wannan matar mai furfura a gefen kai ba. Muddin bai waiwayo ba, ni ce.

Rana ta take sosai kafin hannunsa ya gaji. Ƙarar ta ragu, ta ragu, ta tsaya. Dattijon nan ya taso da almakashi ya yanke abin da Baba ya saƙa, don a wurin kowane baƙo da abin hannunsa yake tafiya. Na sauran bai fi tafin hannu ba, na Baba ya kai a yafa a wuya. Ya ɗaure bakin zaren ya miƙa masa da hannu biyu ya ce, "Allah ya ƙara lafiya, maigida."

Baba ya karɓa. Ya juyo, ya gan ni zaune a ƙasa da zare a cinya, ya ce, "Sannu, malama." Sannan ya leƙa bayana, ya leƙa bayan ginshiƙi. "Ina yarinyar nan ta shiga kuma?"

Yaya ya buɗe baki zai yi magana, na riga shi. Na ce, "Ta yi gaba, Baba. Tana gida."

A mota na zauna kusa da shi a baya. Ya rungume saƙin a ƙirji yana shafawa. Yaya ya miƙo hannu daga gaba ya ce, "Baba, kawo in ajiye maka kada ya faɗi."

Ya janye ya ce, "Ba naka ba ne, Babba. Kai me ka naɗa? Na Tsigi ne."

Da muka kusa shiga unguwa na ce, "Baba, ka ba ni in kai mata."

Ya juyo ya ƙare min kallo. "Kin san ta?"

"Na san ta."

"Bahaguwa ce," in ji shi, yana rage murya kamar mai faɗin abin cikin gida. "Ba ta jin magana ko kaɗan. Amma duk 'ya'yana ita kaɗai ce ba ta taɓa tashi ta bar ni ba."

Ya ninke saƙin a hankali, ya ɗora min a cinya, ya danne da tafin hannunsa.

"Ki ba ta hannu da hannu, malama. Kada ki manta."