Sau Uku Muke Ci

"Baba, jiya sau nawa aka ci abinci a gidan nan?"

Yarinyar ta yi tambayar tana durƙushe a gefen tabarma, da wata na'ura mai kama da faffaɗar waya a kan cinyarta. Humaira sunanta. Wata ƙungiya ce ta ɗauke ta tare da wasu matasa daga Kano, su zaga ƙauyukan Zakirai su ƙididdige halin da fari ya bar mutane a ciki. Mai unguwar Gidan Buwai ya haɗa ta da Basiru ya raka ta gida-gida, don shi ya ɗan taɓa boko, kuma babu ƙofar da bai san mai ita ba.

Ɗanasabe, dattijon da ake tambaya, ya gyara zama. Tun da ya ji an ce baƙi na tafe ya sa rigarsa ta zuwa coci, ga ta nan tana lilo a kafaɗunsa kamar an rataye ta a ƙusa.

"Sau uku," in ji shi. "Kamar kullum."

Basiru ya dubi madafi. Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na tsohon, ita ma gajera, ta ci ruwan shekaru. Tun yana yaro yake jin tarin mutumin nan ta bayanta. Ya san hayaƙi ba ya tashi a gidan sai rana ta karkata, ya kuma san abin da Jemima, matar tsohon, take ɗorawa: ganyen tafasa da ɗan barbaɗen dusa.

"Baba, ka faɗa mata yadda abin yake mana."

Ɗanasabe ya juyo a hankali. "A gidana ake tambaya, ko a naka?"

Basiru ya sunkuyar da kai. Humaira ta taɓa fuskar na'urar da ɗan yatsa, ta wuce gaba.

"A satin da ya wuce, ka yi wani aiki da aka biya ka, ko da na sa'a ɗaya ne?"

"Na yi, 'yata. Ni ban taɓa zama ba aiki ba."

A nan kam bai yi ƙarya ba. Ya gyara wa wani mai shago darni, aka ba shi masara a ƙasan leda. Ɗanasabe ɗan ƙwadago ne tun yana saurayi. Gonar gado an raba, an sake rabawa, har abin da ya iso hannunsa bai wuce ɗan fegi a bayan coci ba. Da ƙarfinsa yake ci: shi ne huɗa, shi ne noma, shi ne girbi a gonakin mutane. To bana ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ya yi ciki. Musulmi suka fita sallar roƙon ruwa, Kiristoci suka yi azumi a coci, hadari ya riƙa haɗuwa a gabas yana watsewa. Gero ya bushe a tsaye, dawa ta nannaɗe ganye ta ƙone. Wanda ba shi da abin girbe wa kansa, wa zai ɗauka ƙwadago? Ɗansu namiji kuwa ya bi 'yan haƙar zinariya tun bara, daga waya ɗaya ba a sake jin muryarsa ba.

Da suka fito waje, Basiru ya tsaya a inuwar darbejiya.

"Malama, ki gyara abin da kika sa. Wallahi rabon gidan nan da tuwo an daɗe."

"Na gani, Malam Basiru. Ina da ido." Muryarta ta yi ƙasa. "Amma abin da mai gida ya faɗa da bakinsa shi ake ɗauka. In na canza aka gane, ni za a sallama. Kuma ka kwantar da hankalinka, wannan ba rajistar tallafi ba ce, bincike ne kawai."

Haka suka ci gaba da zagawa har la'asar. A gidaje da yawa Basiru ya ji irin amsar nan. Matasa sukan faɗi komai, har da ƙari. Dattawa kuwa, da zarar sun ga budurwa baƙuwa a gabansu, ga matansu na laɓe suna ji, sai su ce an gode Allah, ana ci.

Bayan kaka, wadda suna kawai ta yi, mai unguwa ya dawo daga wani taro a sakatariya fuskarsa a murtuke. Mutane suka taru a ƙofar gidansa. Ya ce an kawo masarar agaji, amma ba ta isa kowa ba, don haka an duba sakamakon binciken nan aka fara da inda abin ya fi tsanani.

"Mu an ce da dama-dama muke. Wai yawancin gidajenmu akwai mai aiki, kuma ana ɗora tukunya."

Aka yi ta surutu, wasu na zagin 'yan bincike, wasu na zagin kansila. Basiru ya waiga. Ɗanasabe na can baya a tsugune, yana zane a ƙasa da tsinke. Kafin a watse ya tashi ya tafi.

Cikin satin nan Ɗanasabe ya shiga ɗiban yashi. Can a busasshen rafin da ke arewa da gari motocin tifa suke zuwa, a loda musu yashin da ake gina gidaje da shi a wajen Ungogo. Aikin samari ne majiya ƙarfi: mutum ya cika shebur ya wurga sama da kansa, tun hantsi har rana ta faɗi. Safiyatu, matar Basiru, ta riƙa miƙa wa Jemima ɗan abin da ya samu ta kan katanga, alhali su ma da yara suke, abin sai a hankali. Jemima takan karɓa idan maigidan ba ya nan. Idan yana nan, sai ta ce sun riga sun ci.

Basiru ya tare tsohon wata safiya da shebur a kafaɗa.

"Baba, aikin nan ba naka ba ne."

"To wanne ne nawa? Nuna mini shi in je."

Basiru ya matsa ya ba shi hanya.

Wata ranar Talata da azahar aka aiko a ce wa Basiru ya zo da babur. Ya tarar da tsohon kwance a ƙarƙashin tifa, inda samari suka ja shi don inuwa. Sun ce yana cikin wurga yashi sai gwiwoyinsa suka lanƙwashe. Direba na tsaye yana duba agogo, don motar ba ta cika ba. Basiru ya ɗora shi a baya, ya ɗaure shi a jikinsa da rawani. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne rashin nauyin mutumin. Wannan fa shi ne wanda a da yake saɓa damin dawa shi kaɗai.

A ɗakin shan magani ma'aikacin ya ja fatar idonsa ya duba, ya ce jininsa ya yi ƙasa sosai, zuciyar ma ta gaji.

"Ya huta. A riƙa ba shi abinci mai gina jiki: nama, ƙwai, madara."

Jemima ta ce, "To, likita."

Ɗanasabe bai sake fita tsakar gida ba. Basiru yakan shigo bayan sallar la'asar ya zauna a bakin gadon kara. Ranar da ya kawo kunun gyaɗa, tsohon ya kurɓa kaɗan ya kau da kai.

"Kana jin haushina, Basiru."

"A'a, Baba."

"Kana ji. Har garin ma suna ji, na sani." Ya numfasa. "Yarinyar nan ba ta kai 'yar cikina ba. In dube ta in ce mata me? In ce ni Ɗanasabe na kasa ciyar da mace ɗaya?"

"Ai ba kai ka hana ruwa sauka ba."

"Ba ta tambaye ni ruwa ba. Abinci ta tambaya."

Ya lumshe ido har Basiru ya zaci barci ya ɗauke shi. Sai ya ce, idonsa a rufe, "Sheburin nan na aro ne. Ka mayar wa mai shi."

Ya cika ranar Juma'a da hantsi. Kukan Jemima bai yi ƙarfi ba, amma ya tsallako katanga. Ƙasar makabartar coci ta yi tauri har diga na tsalle, ga samarin Kiristoci duk sun tafi ci-rani. Basiru da wasu maƙwabta Musulmi suka karɓi haƙan, suka yi ta yi har tafukansu suka fashe. Fasto Zachariah ya yi addu'a, ya ce marigayin mutum ne da bai taɓa miƙa hannu ga kowa ba. Mutane suka gyaɗa kai.

Zafi ya fara shigowa lokacin da farar motar masu bincike ta dawo. Zagaye na biyu ne, in ji Humaira, gidajen da aka shiga a baya su za a sake shiga. Ita ma ta rame, takalminta ya ci hanya. Suka tarar da Jemima a ƙofar ɗaki da buhun gyaɗa a gabanta tana ɓara.

"Sannu, Inna. Ina Baba?"

"Ya rasu."

Humaira ta yi ta'aziyya, ta share ido da gefen mayafi, sannan ta ɗago na'urar kamar mai jin kunyarta.

"Ki yi haƙuri, dole in tambaya. Me ya yi sanadi? Rashin lafiya, hatsari, ko tsufa?"

"Yunwa," in ji Basiru.

"Babu ita a nan, Malam Basiru. Ukun nan ne, sai kuma 'wani dalili'."

"To ki sa wani dalili."

"In na sa shi, can ofis ba sa lissafa shi da komai."

Jemima ba ta ɗago ba. "Sa tsufa, 'yata. Shi ma da shi zai zaɓa."

Humaira ta taɓa na'urar.

"Jiya kin ci abinci?"

"Safiyatu ta miƙo mini da rana. Da yamma ma ta miƙo."

"Sau biyu ke nan." Ta wuce gaba. "A satin da ya wuce, akwai wanda ya yi aikin da aka biya shi a gidan nan, ko da na sa'a ɗaya ne?"

"Ga shi kina gani. Ta wani ɗan kasuwa ce daga Zakirai, daga kudu ya sayo. In na gama ya ba ni abin da ya ga dama."

Basiru ya ga inda yatsan yarinyar ya nufa: wurin da ake sa cewa gidan akwai mai aiki. Ya buɗe baki, sai ya rasa wanda zai yi wa faɗan: ita, ko tsohuwar, ko wasu mutane a wani ofis da bai taɓa gani ba. Ya fita ya tsaya a waje har motar ta tashi ta nufi gari na gaba.

Da ya leƙo don ya yi sallama, Jemima na nan inda suka bar ta. Takan ɗauki gyaɗa ta matsa da babban yatsa, ƙwayar ta faɗa kwano, ɓawon ya faɗa zani. Wata ƙwaya ta gangara ƙasa. Ta miƙa hannu ta ɗauko, ta hure mata ƙasa, ta jefa ta cikin kwanon.